Cibiyar Ɗalha da Angar Baba Sela

Cibiyar Ɗalha ta faɗi ranar Talata, kwana biyu bayan suna, kuma da Allah bai sa kakarsa na kusa ba, da tuni ta tafi bola.

Hajiya Fusena tana shafa wa jaririn mai bayan wankan safe sai ta ga wurin fayau. Ta ɗaga 'yar rigarsa, ta kakkaɓe tawul, ta duba ƙasa. Babu. Ta juya wajen 'yarta Nimatu, mai jegon, wadda ke zaune a bakin gado tana kurɓar kunun kanwa tana ɓata rai kamar an ba ta maɗaci.

"Ke, ina cibiyar yaron nan?"

"Ta faɗi tun da asuba, Mommy. Na naɗe ta a tishu."

"Ina tishun?"

Nimatu ta nuna kwandon shara da bakin cokali.

Hajiya ta dubi kwandon. Ta kwantar da yaron, ta durƙusa da gwiwoyin nan nata masu ƙara, ta zazzage kwandon a kan leda, ta bi tishu ɗaya bayan ɗaya tana warwarewa. A na biyar ta same ta: ɗan abu baƙi, busasshe, bai kai ƙwallon dabino ba. Ta yagi farin ƙyalle ta ƙulle shi, ta sa a tsohon gwangwanin man zafi, ta danne murfin.

"Mommy, it's just skin."

"Ke ma fatar ce. Sha kununki."

To, bari in gaya muku abin da ya sa tsohuwa mai ciwon gwiwa take tonon shara. Shekararta ashirin da bakwai a New York. Daga zangon Kumasi ta zo, da Nimatu a goye, ta tarar da mijinta Alhaji Sumani, wanda kowa ke kira Baba Sela saboda aikin jirgin ruwa da ya yi tun yana saurayi, kafin ya sauka ya kama tuƙin tasi. A nan ta haifi autanta Hakeem. Lokacin ba ta san gari ba, ba uwa kusa, ba ƙanwar uwa. Asibiti suka riƙe mabiyiya, cibiyar kuma da ta faɗi ba wanda ya san inda ta shiga. Yau ga Hakeem nan ya girma, yaron kirki, amma ba ya zama. Babbar mota yake ja. Yau ya kira daga Ohio, jibi daga Texas, gata daga wani gari da ko sunansa ba ya zama a baki. Baba Sela ya ce jininsa ne yaron ya ɗauko. Hajiya ta ce ba wani jini, yaron da ba a binne cibiyarsa ba ƙasa ba ta san shi ba, to me zai riƙe shi?

Wannan karon ma mabiyiyar Ɗalha a asibiti ta tsaya, wai akwai takardar da ya kamata a cike ba a cike ba. Saura ɗan abin nan na cikin gwangwani. Shi kam ta ƙudura sai ya shiga ƙasa, kuma ƙasar da ta sani ita ce bayan ɗakin mahaifiyarta a Kumasi, gindin lemun tsami, inda tata cibiyar take, da ta Nimatu, da ta duk wanda aka haifa a gidan.

Da yamma sai ga uban jariri, Issoufou, ya taso daga aiki. Mutumin Damagaram ne, direba a wani ofishin jakadanci, dogo, mai kunya. Shi da Nimatu a Bronx suke zaune, hawa na shida, wankan gida ne ya dawo da ita Staten Island wajen iyayenta. Ya tuɓe takalmi, ya tsuguna daga bakin ƙofar falo kamar kullum, duk da kujerun da ke cike da ɗakin. Aka gaisa, aka sake gaisawa, sannan ya ce yana kallon kafet:

"Mama, Hajiyarmu ta bugo, tana gaishe ku ƙwarai. Ta ce idan cibiya ta faɗi, don Allah a ajiye mata. Akwai mai zuwa gida ƙarshen wata, sai a ba shi. Wai duk na mazan gidanmu a bayan ɗakinta suke."

"Allah sarki. Muna amsawa. To, za a duba."

Duk wanda ya san Hajiya Fusena ya san in ta ce za a duba, an gama magana ke nan. Issoufou bai sani ba tukuna. Ya yi godiya, ya hau sama wajen matarsa.

Baba Sela yana zaune a kujerarsa ta bakin taga, inda ake hango ruwa ta tsakanin rufin gidaje biyu. Bai juyo ba ya ce, "Ga almakashi can a kicin. A raba biyu, rabi Kumasi, rabi Damagaram, kowa ya huta."

"Alhaji, in ba ka da abin faɗi ka ja carbinka."

"Abokina nake tausayi. Kwanansa tara a duniya, har an fara jan sa gabas da yamma."

Hajiya dai ta riga ta gama shirinta. Ƙawarta Mariatu, mai tebur a Canal Street, za ta tashi zuwa Accra ranar Alhamis, daga nan ta wuce Kumasi. In cibiya ta riga ta shiga ƙasa, sai a ba Damagaram haƙuri. Ai ba a tone abin da aka binne.

Washegari ta gama wa mai jego wanka da wuri, da ruwa mai zafi da tawul tun da ba ganyen darbejiya a garin nan, ta yi wa jariri nasa, ta ce za ta je sayen citta da kanumfari. Ta sa gwangwanin a can ƙasan jaka. Tana ɗaura mayafi sai ta ga Baba Sela tsaye a ƙofa da hularsa ta sanyi da sandarsa.

"Ina zuwa?" ta tambaye shi.

"Sayen citta."

"Ni zan sayo."

"Zan riƙe miki jaka."

"Jakata ba ta da nauyi."

"Haka ake gani," in ji shi, ya buɗe mata ƙofa.

Watan Afrilu ne, rana ta fito amma iskar ruwa tana yankan kunne. Suka gangara tudu zuwa St. George, inda tashar jirgin ruwa take, a hankali, ita gwiwa, shi ƙugu. A kwanar layinsu akwai wani gida da aka girke tsohuwar angar jirgi a gabansa, ƙaton ƙarfe mai haƙora biyu da ake jefawa a ruwa don tsayar da jirgi, an shafe ta da farin fenti, an kewaye ta da furanni. Baba Sela bai taɓa wuce ta bai gaishe ta ba. Ya ɗaga mata sanda.

"Sannu da hutawa, 'yar'uwa. Ke an sa miki fure, ni an sa mini kujera."

"Wata rana masu gidan za su kira maka 'yan sanda."

"Su kira. Da ita da ni aiki ɗaya muka yi."

Suka shiga feri, jirgin da ke fiton mutane zuwa cikin birni, cikin ma'aikatan da suka makara da baƙi masu ɗaukar hoto. Hajiya ta so zama ciki inda ke da ɗumi, amma ya ja ta bakin taga ta ɓangaren dama. Tun da ya ajiye tasi wannan ne aikinsa, ya hau jirgin nan ya je ya dawo, yana ƙirga jiragen mutane kamar shanunsa.

"Kin ga wancan mai jan ciki? Mai ya ɗauko, ya sauke rabi, shi ya sa ya taso sama. Kin ga baƙar ƙwallon nan da suka rataya a goshinsa? Ita ke gaya wa kowa ya jefa anga, kada a zaci tafiya yake."

"Shekara ashirin da bakwai kana nuna mini ƙwallon nan."

"Ba ki taɓa dubawa ba."

Gaskiyarsa ce. Ta duba. Manyan jirage biyar ne tsaye a tsakiyar ruwa, ba igiya, ba gaɓa kusa, kuma duk sun fuskanci wuri ɗaya, wajen babbar gada, kamar liman ya ce a daidaita sahu.

"Wa ya jera su?"

"Ruwa. Yanzu shigowa yake, kowa ya ba shi goshi. In mun dawo ki sake dubawa." Ya gyara zama, ta san an shiga ke nan. "Ni fa a goshin jirgi nake aiki. Ni ke riƙe birki. Kyaftin ya ce saki, in saki, sarƙa ta fita da ƙara kamar aradu, tsatsa ta tashi ta cika maka hanci, kwana biyu kana tofar da ja. Kowace gaɓar sarƙa ta wuce in buga ƙararrawa, don ya san nawa ta shiga ruwa. Mutane na zaton nauyin ƙarfen ne ke riƙe jirgi. Jirgi kamar unguwa guda, wane ƙarfe ne zai riƙe shi? Ƙasan ruwan ne. In laka ce, haƙoran su nutse, sarƙa ta kwanta a kai, ka je ka yi barcinka. In dutse ne, sai ta yi ta jan ciki tana gurnani kamar ana jan tukunya a siminti, ka farka ka ga kanka a ƙofar wani gari."

"Ya taɓa faruwa da ku?"

"Sau ɗaya, a bakin Ikko. Wata uku muka yi muna jiran layi, har muka fara kamun kifi muna shanyawa a kan igiyar wanki. Mai gadi aikinsa ya sa ido a kan abu biyu a gaɓa, mu wata hasumiya ce da wata doguwar bishiyar kwakwa a bayanta. In suna tare, lafiya. In suka rabu, ka ruga ka ta da kyaftin. Ranar nan wani ɗan Saliyo ne ke gadi, ya tsaya wanke wando."

Ta yi dariya ba ta so ba. Ta sa hannu a jaka ta taɓa gwangwanin, yana nan.

"Wannan da muke ciki fa? Ban taɓa ganin ya jefa komai ba."

"Yana da tasa, tana rataye. Shi ɗan gata ne, ƙofa nan, ƙofa can, ba ya kwana a daji. Amma ko shi ba ya fita sai da ita. Ba jirgin da zai bar angarsa a Takoradi ya taho New York ya ce ai tana can tana riƙe da shi, don…"

"Alhaji. Na ga inda ka dosa. Kada ka yi mini wa'azi da ƙarfe."

"Ni zancen jirgi nake."

"To tsaya a cikin jirgin."

Ya tsaya. Har suka sauka suka shiga jirgin ƙasa bai ƙara cewa komai ba, sai dai ya nuna mata wani ƙaramin jirgi mai tura kaya ya ce matuƙinsa bai iya ba.

Canal Street kuwa tana nan yadda kuka san ta, kafaɗa na gugar kafaɗa, kowa na kiran kowa. Teburin Mariatu yana kusa da kwana: jakunkuna, tabarau, huluna, da babbar lema da aka ɗaure da galan biyu na ruwa, iska tana ɗaga ta tana direwa. Mariatu ta hango su tun daga nesa.

"Ei, amaryar Ɗalha da kanta. Ya angon naki?"

"Yana nan. Ba cefane, ba gaisuwa, sai kuka."

"Haka mazan yanzu suke. Baba Sela, an ƙwace maka mata kana tsaye?"

"Na bar masa. Ya ji abin da na ji." Idonsa na kan lemar. "Wa ya yi miki ƙullin nan? Wannan ai ko akuya ba zai riƙe ba." Ya jingine sanda ya tsuguna ya hau kwance igiya. Yana cikin yi ya hango hulunan da ke kan tebur, shuɗɗa, kowace da hoton anga a goshi. "Su kuma waɗannan wa ke saye?"

"Kowa. Sun fi komai tafiya."

"Mutanen da ko kwalekwale ba su taɓa hawa ba."

"To ka sayi ɗaya mana, kai da ka hau."

Hajiya ta ja Mariatu bayan tebur. A ƙarƙashinsa akwai ƙatuwar jaka mai ratsi-ratsi, cike da saƙon mutane, takalma, wayoyi, magungunan ciwon gaɓɓai, kowane ƙunshi da suna a jikin salatif. Ta yi ƙasa da murya ta faɗi abin da ya kawo ta: ga cibiyar jikanta, a kai gidansu, a binne a bayan ɗakin tsohuwa, gindin lemun tsami.

Mariatu ta dube ta. "Fusena, yaushe rabonki da gida?"

"Shekara bakwai. Tun rasuwar Yaya."

"An sare lemun nan. Ɗan yayanki ya zuba siminti, ya shimfiɗa tayil tun daga zaure har bakin kwata. Bayan ɗakin tsohuwa kuwa shago ne yanzu, ana gyaran waya. Gidan duk 'yan haya ne. Mutanen kirki, wallahi, bara har ruwa suka ba ni, amma ba wanda ya san ki a ciki."

"Bai gaya mini ba."

"Ya ce ya turo miki hoto."

Ya turo kuwa. Ta tuna hoton sarai, tsakar gida fari tas yana ƙyalli. Har ta nuna wa Nimatu, ta ce ma sha Allah, yaron nan ya yi ƙoƙari. Ko sau ɗaya ba ta tambayi kanta abin da ke ƙarƙashin tayil ɗin ba.

"Kawo dai," in ji Mariatu, ta yagi salatif da haƙori. "Ba za a rasa wani lungu ba, ko bayan masallaci, in sa a tona. Ƙasa ai duk ƙasa ce. Wane suna zan rubuta?"

Hajiya ta fito da gwangwanin. Ta riƙe shi a tafin hannu, ɗan abu mara nauyi, fentinsa duk ya goge. Ta dubi jakar, ta dubi takalman da zai kwana a tsakaninsu. Sai wata baturiya ta tsaya tana taya tabarau, Mariatu ta juya wajenta, suka yi ta ja har aka daidaita. Da ta juyo, hannun Hajiya ba komai, jakarta a rufe.

"Bar shi tukuna. Ki dai gaishe da duk wanda ya tuna da ni."

Mariatu ta gyaɗa kai. "Yoo," ta ce, ta manna salatif ɗin a gefen tebur.

Baba Sela ya miƙe yana riƙe ƙugu. Lemar ta tsaya cak. Suka sayi citta da kanumfari a wani shagon 'yan Sin, don kada a koma hannu biyu, suka kama hanya.

A feri ita ta fara zuwa bakin taga. Ta daɗe tana kallo.

"Sun juya," ta ce.

"Sun juya. Ruwa na fita."

"Amma suna inda suke."

"Suna nan."

Ta bi jiragen da ido har suka wuce su. Sannan ta ce, ba shi take kallo ba, "Ita ta Damagaram tana da rai, tana da ƙasa, tana da mutane a gidan. Ni me nake da shi? Tayil."

"Kina da ni."

"Allah ya sawwaƙe." Ta share gefen ido da bakin mayafi, ta ce iska ce. "Zan ba ubansa. Ɗansa ne, dama ba ni da hurumi. Kuma zan gaya masa inda na je yau."

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," in ji Baba Sela.

"Ka fara ko?"

Da Issoufou ya zo da yamma ya tsuguna a wurinsa, sai ta sa aka kira Nimatu ta sauko. Ta ajiye gwangwanin a kan kafet tsakaninsu, ta faɗi komai, ba ta rage ba: yadda ta ce za a duba alhali ba ta da niyya, da Mariatu, da lemun da aka sare. Ta ce ya yafe mata, ya ɗauka ya aika wa Hajiyarsu.

Nimatu ta ce, "Mommy, da gaske har Canal Street kika kai ta?"

"Ba da ke nake ba."

Issoufou bai taɓa gwangwanin ba. Ya daɗe yana murza yatsunsa. Da ya yi magana, a hankali ya yi, kamar mai tafiya a kan ƙwai.

"Mama, ba abin yafewa. Sai dai in ba za ku ga rashin kunyata ba, akwai abin da ke raina tun jiya. Tawa tana can bayan ɗakin Hajiya. Shekarata goma sha ɗaya a garin nan, kullum ji nake kamar na bar tukunya a kan wuta na fito. Ba na so yaron nan ya tashi haka. Nan aka haife shi, nan zai yi karatu, nan zai faɗi ya fasa gwiwa. In Baba ya yarda, ai bayan gidan nan akwai ƙasa."

Hajiya ta dube shi kamar ya yi wani yare. Bayan gidan nan? Ɗan filin da bai fi tabarma shida ba, inda take shanya, inda Alhaji ke wahalar da kansa da tumatir duk bazara? Shekara goma sha biyar da sayen gidan, ita ta zaɓi labulensa, ita ta san matakalar da ke ƙara, amma har yau in ta ce gida, Kumasi take nufi. Bayan gidan kuwa ba ta taɓa kallonsa a matsayin ƙasa ba.

"Laka ce," in ji Baba Sela daga bakin taga. "Mai kyau. Na tona na gani."

"Hajiyarku fa?" ta tambayi Issoufou.

"Bon." Ya sosa ƙeya. "Nan ne za ku taimake ni. Ni in na faɗa, cewa za ta yi Amurka ta cinye ni."

Aka bari sai Asabar da hantsi, lokacin can an yi azahar an ci abinci. Suka fita bayan gida, Nimatu kaɗai aka bari a bakin ƙofar kicin, naɗe da bargo ita da jaririn, don mai jego ba ta shan iska. Issoufou ya kira, ya miƙa wa surukarsa wayar da hannu biyu. Fuskar mahaifiyarsa, Hajiya Sa'adatu, ta cika gilashin, goshi da ido ɗaya, don ita ma kusa take riƙewa. Aka yi gaisuwa ta isa: gajiya, sanyi, zafi, mai jego, ango, mutanen gida, har da awaki. Sannan Hajiya Fusena ta faɗi maganar, ta kuma haɗa da nata laifin, don kada tsohuwa ta ɗora wa ɗanta.

Ana jin zakara yana cara a Damagaram.

"Gidan haya ne?" in ji Hajiya Sa'adatu.

"Namu ne."

"Ƙasa ce ko siminti? Don an ce ku can ba ku da ƙasa."

Baba Sela ya duƙa ya damƙo ƙasa cike da hannu, ya kai gaban wayar, ya murza.

"Matso da ita. Hm. Baƙa ce. Wannan za ta yi albasa." Idon ya dawo kan Hajiya Fusena. "Wa ke kwana a gidan?"

"Ni da Alhaji."

"To in kun tashi fa? Don ni abin da nake gudu ke nan, a binne yaro a bar shi da baƙi. Ku mutanen tafiya ne."

Hajiya Fusena ta buɗe baki za ta ce in Allah ya kai mu komawa gida, maganar da ta saba faɗi a kowane suna da kowane biki shekara ashirin da bakwai. Maganar ta zo har bakinta ta tsaya. Ta dubi igiyar shanyarta, ta dubi 'yarta a bakin ƙofa, ta dubi tsohon nan da ƙasa a hannu yana jiran ya ji me za ta ce.

"Muna nan, Hajiya," ta ce. "Ba inda za mu."

"Kin faɗa?"

"Na faɗa."

"To shi ke nan. Amma a yi shi yadda ake yi. Ina Issoufou? Kai za ka tona, ba wani ba. Dama da ƙofa, namiji ne. Ka yi bisimilla. A juyo da ni in gani."

Aka juyo da ita. Issoufou ya naɗe hannun riga ya kama ɗan shebur ɗin surukinsa, uwarsa tana ba da umarni daga bayan teku. Ta ce ramin bai yi zurfi ba, sai hannu ya shiga har gwiwa. Ta ce wa ya koya masa riƙon shebur haka, ko tuƙin mota ya kashe masa hannu. Da ramin ya yi, Hajiya Fusena ta buɗe gwangwanin ta ba shi ƙullin farin ƙyallen, ya sa a ciki, ya yayyafa ruwa sau uku, ya mayar da ƙasa ya daddanna da tafin hannu. Baba Sela ya kawo wani faffaɗan dutse daga gindin shinge aka ɗora, saboda kuliyoyin unguwa. Aka shafa fatiha, ta can da ta nan, ta can tana ɗan makara.

Suna cikin shafawa sai ga kan maƙwabciyarsu ya leƙo ta saman shinge, wata tsohuwar 'yar Italiya da ake kira Misis Roza, da abin ban ruwa a hannu. Ta tambaya da Turanci me ake shukawa da wuri haka.

"Yaro," in ji Baba Sela, shi ma da Turanci.

"Daddy!" Nimatu ta ɗaga murya daga ƙofa. "Tumatir ne, Misis Roza. Tumatir."

Misis Roza ta girgiza kai, ta ce tumatir a Afrilu ɓarnar iri ce, su jira Mayu, ita ta gaya wa mutumin nan bara bai ji ba.

"Wace ce wannan?" in ji Hajiya Sa'adatu daga cikin waya.

"Maƙwabciya ce," in ji Hajiya Fusena. "Shawarar noma take ba mu."

"Allah sarki. A gaishe ta."